Baba, wahalar fitsari ba abin ɓoyewa ba ce

Ni ma'aikacin lafiya ne a yankin Kajiji. Da daminar bara aka kawo mini wani dattijo cikin dare, ya kwana ya wuni fitsari bai fita ba, mararsa ta kumbura tim. Da na sa masa roba ya samu sa'ida, na ce, "Baba, tun yaushe?" Ya sunkuyar da kai ya ce an fi shekara 2. Sau 5 yake tashi kafin asuba, kuma ya bar sahun gaba a masallaci saboda ɗigon da ke karya masa alwala. Ko babban ɗansa bai sani ba. Kunya ce, da tsoron kada a ce sai an yi masa aiki.

Abin da ke damunsa kumburin firostet ne, wani ɗan nama kamar goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Idan shekaru suka ja yakan girma ya matse hanyar. Kusan rabin maza suna da shi a shekara 60. Ba sanyi ba ne, ba jifa ba ne.

Tsoron wuƙar nan nake son mu rage. Mutane da yawa ƙwayoyi kawai suke sha, irin su tamsulosin. Wasu a kan kankare naman ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba. Har da tururi ma ana yi yanzu: wata na'ura mai suna Rezum, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2015. Likita yakan zura siririn bututu mai kyamara, ya soka 'yar allura a cikin naman, na'urar ta tura tururin ruwa mai zafin digiri 103 na daƙiƙa 9. Inda tururin ya shiga ƙwayoyin naman su mutu, jiki ya tsotse su a hankali cikin kamar wata 3, hanya ta buɗe. Mutum yakan koma gida a ranar, da roba ta 'yan kwanaki, kuma galibi aikin ba ya taɓa mu'amalarsa da iyali, wanda na san shi ne abin da dattawa ke son tambaya su kasa.

Don Allah kada a ji tururi a ɗauka surace ne. Zama a kan tukunyar ganye ba ya kai wa naman, ƙuna kawai zai jawo. Kuma na'urar ba ta kowa ba ce: ana duba girman naman, ba a kuma yi wa ciwon daji magani da ita. Shi ya sa gwaji ke gaba da komai, gwajin jini na PSA da hoton mara. Mu a nan, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato muke tura mutane, wurin likitocin mafitsara, su ne za su ce ga abin da ya dace.

Ku 'ya'ya maza, idan kun ga Baba ya daɗe a bayi ko yana yawan fita da buta cikin dare, ku keɓe da shi ku tambaya cikin ladabi. In kuwa fitsari ya tsaya cak, ko jini ya biyo shi, a nemi mota a daren, domin fitsarin da ya taru yakan koma ya lalata ƙoda.