Kalmar "Narke" da Ma'adinin Monazait: Nazari a kan Yadda Dutse ke Narkewa a Ruwa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa kalmar "narke" tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma duk mai son koyar da kimiyya da Hausa tilas ya rarrabe su. A cikin birnin Zariya za ka ji maƙeri ya ce darma ta narke, uwargida kuma ta ce kanwa ta narke. Darma wuta ce ta mai da ita ruwa, in ta huce sai ta sake daskarewa. Kanwa kuwa bazuwa ta yi cikin ruwa, ba za a sake ganinta ba sai ruwan ya ƙafe. Za mu gwada wannan bambanci da wani ma'adini mai suna monazait.

Mene ne Monazait?

Wani Bajamushe mai suna Breithaupt ne ya raɗa masa wannan suna a 1829. Haɗi ne na fosfat da waɗansu ƙarafa da ake kira masu wuyar samu, irin su siriyam da lantanam da niyodimiyam. Da siriyam ake yin ƙanƙarar laita, da niyodimiyam kuma ake yin maganaɗisun lasifikar wayar hannu. Asalinsa ƙananan ƙwayoyi ne a cikin dutse mai tsauri, dangin dutsen Kufena. A ƙasarmu an san shi a filayen kuza na Jos, inda masu wankin kuza suka daɗe suna zubar da shi cikin tarin yashi.

Yadda Yake Narkewa

Da farko, a ruwan rijiya ko na rafi abin da ke narkewa daga jikinsa bai taka kara ya karya ba. Dalili shi ne, a cikin gishiri kowane ɓangare caji ɗaya yake riƙe da shi, saboda haka ruwa ke raba su nan da nan. A monazait kuwa ƙarfen yana da caji uku, fosfat ma uku, sai riƙon ya yi tsanani. Shi ya sa ruwan sama kan zaizaye dutse, sauran ma'adinai su zama laka, shi kuwa ya saura a gindin rafi tare da kuza.

Na biyu, tsami yana ƙara masa narkewa. Asid yakan kama fosfat ya janye shi daga jikin ƙarfen, sai ƙwayar ta riƙa sakin jikinta sannu a hankali.

Na uku, zafi ba ya taimaka masa yadda muka saba gani. Kowa ya san sukari ya fi narkewa a ruwan zafi. To, gwajin masana ya nuna cewa fosfat na waɗannan ƙarafa raguwa narkewarsa ke yi idan ruwa ya ƙara zafi. Don haka a masana'antu ba a dogara da ruwa: ana dafa shi a cikin asid mai kauri, irin na ruwan batir, a zafin da ya kai kimanin digiri 200, ko kuwa a cikin sodar sabulu a kimanin digiri 140. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, amma wannan romo ba na sha ba ne, domin monazait yana ɗauke da toriyam mai fitar da tururin nukiliya. Ko bai narke ba, ƙurarsa da yashinsa abin kiyayewa ne ga masu haƙa da masu ɗibar yashin gini.

Kammalawa

Idan malami ya ce wa ɗalibai "monazait yana narkewa da zafi", ya faɗi gaskiya ta fuskar wuta, domin yakan zama ruwa a kusan digiri 2,000, amma ya ɓatar da su ta fuskar ruwa. Saboda haka ina ba da shawarar a riƙa cewa "narkewar wuta" ga irin ta darma, "narkewar ruwa" ga irin ta kanwa. Ina fata malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su auna waɗannan kalmomi, su gyara inda na kasa.