Sifa da Harafi a Nahawun Ingilishi: Tasirin Harafin "da" na Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda sifofin Ingilishi ke zaɓen harafin da zai biyo bayansu. Ta nuna cewa wasu kurakuran da Bahaushe ke yi a wannan fage suna da tushe guda, wato ɗora nauyin harafin "da" kacokan a kan with.

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da harafi a nan shi ne ƙananan kalmomin da ke nuna dangantaka, irin su a, ga, daga, da a Hausa, ko at, of, to, with a Ingilishi. Sifofin Ingilishi da dama ba sa cika ma'ana sai da harafi, kuma sifar ce ke zaɓen harafinta: afraid of, good at, interested in. Tun a shekarar 1957 Robert Lado ya yi bayanin cewa mai koyon harshe na biyu yakan kwaso ɗabi'un harshensa na farko zuwa cikinsa. Matsalar ta shafi ɗalibin da ke fuskantar jarrabawar WAEC ko NECO, ta shafi mai fassara, haka nan manazarcin Hausa da ke rubuta tsakuren maƙalarsa da Ingilishi.

2.0 Bambancin Tsarin Harsunan Biyu

Sassauƙan sifofin Hausa irin su babba, sabo, dogo da fari sun fi bayyana girma, launi da kama. Yanayin zuciya da dangantaka kuwa, aikatau ko suna ne ke ɗauke da su. Bahaushe yakan ce "ya gaji", "ya damu", "yana jin tsoro", alhali Bature sifa yake amfani da ita: tired, worried, afraid. Saboda haka idan Bahaushe ya zo gina jimlar Ingilishi, yakan samo sifar daidai, amma ya ɗauko harafin daga aikatau ɗin Hausa.

3.0 Harafin "da" da Takwarorinsa

A wasu wurare "da" da with sun yi daidai: ya gamsu da, satisfied with, ya yi fushi da shi, angry with him. Wannan dacewa ce ke yaudarar mai koyo ya ɗauka cewa ko'ina haka ne. Ga inda suka saɓa:

(a) ya gaji da jira: tired of waiting
(b) ya cika da ruwa: full of water
(c) yana alfahari da ɗansa: proud of his son
(d) ya yi kama da nawa: similar to mine
(e) ya saba da zafi: accustomed to heat
(f) ya bambanta da wancan: different from that
(g) ya damu da sakamakon: worried about the result
(h) ya dogara da iyayensa: dependent on his parents

Misalan sun nuna harafi ɗaya na Hausa yana fuskantar biyar na Ingilishi bayan with, wato of, to, from, about da on. Wannan ne asalin kurakurai irin su similar with da proud with.

Wani lokaci ma babu harafi a Hausar, gajeriyar mallaka ce ke yin aikin: tsoron kare, afraid of dogs, gwanin lissafi, good at mathematics, sha'awar tarihi, interested in history. A nan mai koyo ba shi da abin kwaikwayo, sai ya yi cinke.

4.0 Sauyin Harafi da Sauyin Ma'ana

Kuskuren ya fi muni idan jimlar ta zauna daidai amma ma'anar ta kauce. Good at ƙwarewa ce, good for amfani ne, good to kuwa kyautatawa ce. Responsible for na nuna abin da ke wuyan mutum, responsible to kuma wanda zai ba wa bahasi. Married to Audu na nufin Audu ne mijin, amma married with two children na nufin akwai aure da 'ya'ya biyu. Mai fassara takardar kotu ko ta aiki da ya musanya waɗannan ya sauya haƙƙin wani.

Haka kuma, aikatau da ya biyo bayan harafin dole ya ɗauki -ing: accustomed to working, ba accustomed to work ba a Ingilishin yau da kullum.

5.0 Kammalawa

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a koyar da sifa tare da harafinta a matsayin kalma guda, cikin jimla. Ga ɗalibi Bahaushe kuwa, zai fi amfani a fara da jero aikatan Hausa masu ɗaukar "da", a aza kowanne kusa da takwaransa na Ingilishi, domin ya gane tun farko inda harshensa zai taimake shi da inda zai ɓatar da shi.