Ziyara a Tsibirin Gobir

A littafin labarin ƙasa, ƴan aji biyar sun karanta labarin Gore, wani ɗan tsibiri da ke cikin teku gaban birnin Dakar, inda aka tsare bayi a zamanin da. Malam ya ce musu tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Nan take wata yarinya ta ɗaga hannu.

— Malam, kakata a Tsibiri take zaune, amma da mota muke zuwa gidanta. Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba.

Aji ya kwashe da dariya. Malam kuwa bai yi dariya ba. Ya ce tambayar tana da kyau, amma ba a kan allo za a amsa ta ba.

Ranar Asabar da sassafe suka shiga mota a Maraɗi, suka kama hanyar Birnin Ƙonni. Tafiyar ba ta kai kilomita 15 ba. Kafin gyaɗar da ke aljihunsu ta ƙare, har sun iso ƙofar fadar Sarkin Gobir. Suka tuɓe takalma, suka gaida dogarai. A cikin zaure wani dattijo yana zaune bisa tabarma. Zanen Gobirawa ya cika masa kumatu, daga gefen baki har zuwa kunne. Yara suka durƙusa.

— Ina kwana, Baba?

— Lafiya lau, jikokina. Ku zauna. Malaminku ya ce teku kuke nema.

Ya yi murmushi, sa'an nan ya fara ba su tarihi. Ya ce Gobirawa daga Abzin suka taso. Sun zauna Birnin Lalle, daga baya suka gina Alƙalawa, wadda kufanta yake cikin Nijeriya yanzu. A can Bawa Jangwarzo ya yi sarauta. A 1808 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Alƙalawa, Sarki Yunfa ya mutu a wurin yaƙin. Gobirawa suka watse, amma ba su aje makamai ba. A 1836 aka sake gwabzawa a Gawakuke da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ranar ta yi muni: Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda shi ma ya faɗi. Bayan wannan yaƙi ne Sarki Mayaƙi ya tattara sauran jama'a, ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi.

Wani yaro mai tsokana ya zunguri yarinyar.

— Ashe mu Katsinawa muka ba ku masauki!

Yarinya ta ɓata fuska. Dattijo ya ji, ya dubi yaron.

— Kai ɗan nan, ina Katsina take?

— Tana kudu, Baba, cikin Nijeriya.

— To me ya kawo kakanninka Maraɗi? Su ma a 1807 birninsu ya fita hannunsu. Iska ɗaya ta kwaso mu duka, ta zube mu bakin gulbi ɗaya.

Yaro ya sunkuyar da kai. Dattijo ya ci gaba da bayanin sarautun fada. Ya ambaci Taran Gobir, manyan da ke zaɓen sabon sarki. Ya ambaci Inna, mace daga gidan sarauta, wadda take uwa ga matan ƙasar, take kuma shugabantar masu bori. Ƴan mata suka yi ta tambaya a kanta, har malam ya tuna musu rana tana yi, ba su kuwa ga ruwan ba tukuna.

Suka gangara da ƙafa zuwa gulbi. Rani ne. Babu ko ɗigon ruwa, sai farin rairayi mai zafi, da itatuwan mangwaro, da garakan tumatir da albasa a gefe. Malam ya sa yara biyu su yi tono da hannu. Da ramin ya yi zurfi, rairayin ya fara yin sanyi da danshi.

Malam ya ce: "Ga ruwanku nan, yana ɓoye. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa. Yana ratsa Jiratawa, da Maraɗi, da Tsibiri, sa'an nan ya koma Nijeriya ya shiga gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu. An ce a cikin fadamar nan aka fara kafa garin, wurin da ruwa da kurmi suke kewayewa idan gulbi ya kawo. Dokin abokin gaba ba ya son taɓo. Kun ga dalilin sunan."

Amma ruwan da ke tsare gari shi ne kuma yake cin gari. A 1945 gulbi ya yi ambaliya, ya rushe tsohuwar Maraɗi da ke cikin fadama, aka mai da gari bisa tudu inda yake yau. Yanzu kuwa an gina madatsar ruwa a Jibiya, can sama, ruwan da ke isowa ya ragu. Manoman rani na Jiratawa da injin suke jawo nasu daga ƙarƙashin ƙasa.

Yarinya ta ɗebi danshin rairayi ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce za ta nuna wa waɗanda ba su zo ba. Daga nan ta ja aji duka zuwa gidan kakarta, tsohuwa ta dama musu fura a babbar ƙwarya.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri? Me ya bambanta Gore da Tsibirin Gobir?
2. Wane sarki ya kafa Tsibiri, kuma bayan wane yaƙi?
3. Shekara nawa ke tsakanin faɗuwar Alƙalawa da yaƙin Gawakuke?
4. Don me dattijo ya tambayi yaron inda Katsina take?

Aiki: Ka tambayi wani tsoho ma'anar sunan garinku ko unguwarku. Ka rubuta amsarsa da Hausa, sa'an nan ka faɗe ta a aji da Faransanci.