Fim da Baƙar Fata: Darasi Daga Gwajin Fim Uku

Ɗalibai da yawa sun sha tambayata, "Malam, me ya sa har yanzu kake yawo da tsohuwar kyamara mai fim, ga waya a aljihunka?" Bari in ba ku amsa a nan, mu kuma yi ɗan darasi a kai.

Akwai wani hoto a akwatina wanda na ɗauka ranar Ista ta 1997 da kyamarar aro, ina ɗalibi kamarku. Mawaƙan ikkilisiyarmu ne a Sabon Gari, sun jeru a bakin ƙofa bayan sujada, cikin fararen riguna, rana tana tsaka. Rigunan sun fito tas, har mutum ya iya ƙidaya maɓallai. Fuskokin kuwa baƙi ƙirin, ba abin da ake gani sai haƙora. Ta uku daga hagu mahaifiyata ce. Ta yi barci cikin Ubangiji shekara biyu bayan haka, kuma ba ni da wani hotonta cikin mawaƙa sai wannan. Na daɗe ina zargin mai wankin hoton. Ashe laifin nawa ne, don ban san fim ba.

Fim leda ce da aka shafe da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Inda haske ya taɓa ƙwayoyin, nan ne zai yi duhu bayan wanki. Inda hasken bai isa ba, wurin yakan fito fayau kamar gilashi. Shi ya sa nagatif yake nuna kome a juye. Da na ɗaga nagatif ɗin hoton nan sama, sai na ga wurin fuskar mahaifiyata fanko ne. Abin da fim bai kama ba, ba gwanin da zai fito da shi a kati.

Lambar da kuke gani a kwali, 100 ko 200 ko 400, tana nuna saurin fim. Mai 400 rabin hasken da mai 200 yake bukata ya ishe shi, amma ƙwayoyinsa sun fi girma, don haka hotonsa yakan yi ɗan tsaki-tsaki. Sai kuma ma'aunin haske da ke cikin kyamara. An yi shi ne ya ɗauka kome ruwan toka ne, matsakaici. In ya ga fararen riguna ashirin, sai ya ce haske ya yi yawa, ya sa ka tsuke ƙofar haske. Riguna su yi kyau, fuskoki su nutse.

Akwai kuma tarihi a ciki. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake aika wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, su daidaita launin injinsu da shi. Ana kiransa katin Shirley, sunan matar da aka fara ɗauka. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta buga bincike a 2009 inda ta nuna cewa cikin masu ƙorafin da suka sa aka gyara yadda fim yake kama launin ruwan ƙasa har da masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, don kayansu ba sa fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata uku, har da baƙar mace. Ku dai ku yi tunani: an kula da tebur kafin a kula da mu.

Da muna yara, fim iri-iri ne a shagunan Sabon Gari: Kodak mai kwali rawaya, Fuji mai kore, ga Agfa, ga Konica. Kamfanin fim na Agfa ya durƙushe a 2005, Konica ya sanar da barin sana'ar a 2006. Fim ukun da na gwada a hunturun 2023 wani ɗan'uwa ne ya aiko mini daga Legas: Kodak Gold 200, Kodak Portra 400, da Ilford HP5 mai baƙi-da-fari, shi ma 400.

Ga yadda na yi. Kyamara ɗaya, Pentax K1000. Wuri uku: layin masu atamfa a Kantin Kwari cikin Fagge, bakin ƙofar majami'a da tsakar rana, da cikin majami'a da yamma. Kowane hoto na ɗauke shi sau uku: yadda ma'auni ya ce, sa'an nan na buɗe ƙofar haske mataki ɗaya, misali daga 16 zuwa 11, wato ninki biyu na haske, sa'an nan mataki biyu. Na rubuta kome a littafi. A Kwari sai da na yi sallama na nemi izini tukuna, wani Alhaji ma ya sa yaronsa ya warware mini turmi biyu. Kada ku taɓa ɗaga kyamara a kan mutum ba da yardarsa ba.

Gold ya so kasuwa ƙwarai. Ja da rawaya na atamfa suka fito kamar ka taɓa, fata ma ta yi ɗan ja-ja. Cikin majami'a da yamma kuwa na ɗora masa aikin da ba nasa ba, hannuna ya girgiza, hotuna suka yi dishi-dishi. Portra launinsa a sanyaye yake, ya riƙe farar riga da baƙar fuska tare, sai dai kuɗinsa ba na albashin malami ba ne. Ni dai HP5 na fi so, don ina iya wanke shi da kaina a gida. Ruwan maganinsa yana son digiri 20. Da sanyin safiyar hunturu ruwan randa yakan yi kusa da haka, a watan Afrilu kuwa sai an sayo ƙanƙara. Zafi ma yana lalata fim, kada a bar shi cikin mota.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a duk fim ukun, hoton da na ƙara wa haske mataki ɗaya ya fi na ma'auni fito da fuska. Nagatif yana jure yawan haske, ƙarancinsa ne ba ya jurewa. Wanda ya fi duka kyau kuwa shi ne da na roƙi mawaƙa suka koma inuwar darbejiya, na matso na auna hasken a kan kumatun ɗaya daga cikinsu.

Ma'aunin da ke cikin wayarku ma fararen kaya suna ruɗinsa. Ga aikin hutu: ku tsayar da kakarku ko mahaifinku cikin fararen kaya, ku ɗauka a rana, ku ɗauka a inuwa, sa'an nan ku taɓa fuskar a gilashin wayar ku sake ɗauka. Ku kawo mini ukun a makon farko na sabon zango.