Harshen Kirista da Addinin Maƙwabcinsa

Ɗana, ka ba ni aron hankalinka kaɗan, domin akwai wata tambaya da ku matasa kuke yawan jefa wa juna a bakin majami'a bayan an tashi sujada, wato ko ya halatta Kirista ya soki addinin da ba nasa ba. Waɗansunku suna cewa a ja baki a yi shiru ɗungum domin a zauna lafiya, waɗansu kuma suna cewa ai gaskiya ɗaci gare ta, saboda haka duk abin da ya zo bakin mutum ya furta, wanda zai ji haushi ya ji. Ni kuwa da na ga jiya na ga yau, ina gaya maka cewa an ba Kirista izini ya faɗi inda ya saɓa da wani, har ya kawo dalilinsa, amma ba a taɓa ba shi izinin zagi, ko ba'a, ko yi wa addinin wani ƙazafi ba.

Ka fara riƙe wannan, ɗana: bangaskiyarmu ba ta ɓoyo ba ce. Mun gaskata cewa Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye ya kuma tashi, kuma ta wurinsa ake samun ceto. Maƙwabcinka Musulmi bai yarda da haka ba, ya san kai ma ba ka yarda da waɗansu abubuwan da ya riƙe ba, kuma babu wanda ya zagi wani don an faɗi wannan. Idan ya tambaye ka abin da ka gaskata, ka gaya masa dalla-dalla ba tare da kwana-kwana ba, domin mutumin kirki ya fi ganin girman wanda ya tsaya a kan abin da ya riƙe fiye da mai cewa duk ɗaya ne alhali zuciyarsa ba ta ce haka ba. Manzo Bitrus a wasiƙarsa ta fari, sura ta 3, ya umarce mu mu zauna da shirin amsa wa mai tambaya, amma a wuri guda ya ɗaure amsar da tawali'u da ganin girman mutum. Saboda haka wanda ya ɗauki rabin umarnin ya yar da rabin, bai bi Bitrus ba.

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura ta 17 ka ga yadda Manzo Bulus ya yi a Atina. Birnin cike yake da gumaka, kuma an rubuta cewa ransa ya ɓaci ƙwarai da ya gan su. Amma da aka kai shi Tudun Arasa gaban masanan gari, bai fara da ɓacin ransa ba. Ya fara da shaida musu cewa su mutane ne masu himmar ibada, ya ambaci wani bagade da ya gani wanda suka keɓe wa allahn da ba su sani ba, har ya jawo maganar mawaƙansu ya kafa hujja da ita, abin da ke nuna ya zaga garin ya duba, ya kuma san abin da suke karantawa. Bayan haka ne ya gaya musu a fili cewa Mahalicci ba ya zama a ɗakin da hannun mutum ya gina, kuma ba a kamanta shi da zinariya ko azurfa ko dutsen da aka sassaƙa. Wannan suka ce, ɗana, ba ƙarama ba, amma an yi ta da ilimi da ladabi, shi ya sa ko da waɗansu suka yi masa dariya, waɗansu sun ce za su sake sauraronsa, waɗansu kuma suka ba da gaskiya.

Abin da ya faru a Afisa, a sura ta 19, ya fi wannan taɓa zuciyata. Bulus ya yi fiye da shekara 2 yana koyarwa a garin, har cinikin maƙeran azurfa masu ƙera siffofin haikalin Artimas ya fara ja da baya, sai wani maƙeri mai suna Dimitiriyas ya zuga gari aka yi tarzoma. Da magatakardan gari ya tashi kwantar da ƙura, shi da ba mai bi ba ne, sai ya shaida wa taron cewa mutanen nan ba su yi wa haikali sata ba, ba su kuma zagi allahiyarsu ba. Ka yi tunani a kan wannan, domin da a ce Bulus da abokansa sun saba da baƙar magana, da magatakarda bai sami abin da zai kare su da shi ba a gaban dubban mutane masu fushi. Bishara ta girgiza gari guda ba tare da an zagi abin bautar kowa ba.

Na san za ka ce mini, Baba, ai Ubangiji Yesu kansa ya yi kakkausar magana. Gaskiya ne, amma ka duba ka ga da wa ya yi ta. Maganar da ke cikin Matiyu sura ta 23 ya yi ta ne da malaman Attaura da Farisiyawa, wato shugabannin addinin da aka haife shi a ciki, kuma laifin da ya kama su da shi munafunci ne da ɗora wa talakawa kaya mai nauyi. Da ya haɗu da Basamariya a bakin rijiya, alhali Yahudawa da Samariyawa ba sa ga maciji da juna a kan wurin sujada, sai ya fara da roƙon ruwa a hannunta, ya saurari tambayarta, sannan ya gaya mata inda mutanenta suka kuskure ba tare da ya muzanta ta ba. Da ya so ya koyar da ƙaunar maƙwabci kuma, Basamariye ya zaɓa ya zama mutumin kirki a cikin misalin. Saboda haka idan kana so ka yi koyi da zafinsa, ka fara daga cikin gidanka.

Waɗansu kuma suna fakewa da annabi Iliya, wanda ya yi wa annabawan Ba'al ba'a a Dutsen Karmel. Amma Iliya yana jan kunnen jama'arsa ne, Isra'ilawa, waɗanda suka bar alkawarinsu a zamanin sarki Ahab, kuma aikin annabci ne da aka aike shi musamman. Ranar da Yakubu da Yahaya suka so su kira wuta ta sauko a kan wani ƙauyen Samariyawa don an ƙi karɓar Ubangijinsu, kamar yadda Luka ya rubuta a sura ta 9, juyowa ya yi ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Wannan tsawatarwa tana kanmu har yau.

Sannan ka tuna da dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, domin a nan ne yawancin masu suka suke faɗuwa ba su sani ba. Mutum bai taɓa zama da malamin wani addini ya tambaye shi ba, bai karanta littafinsu ba, sai ɗan guntun bidiyo da aka turo masa ta WhatsApp, an yanke farkonsa an yanke ƙarshensa, shi ke nan ya hau Facebook yana cewa ga abin da suka gaskata. Kai ma ka san zafin da kake ji idan aka ce Kiristoci alloli uku suke bauta wa, domin ka san ba haka ba ne. To, kada ka ɗanɗana wa wani abin da ba ka so a ɗanɗana maka. Kafin ka ce ba ka yarda da koyarwar wani ba, ka iya faɗinta yadda mai ita zai ji ya ce, ƙwarai, haka muke cewa.

Magabatanmu a cikin bangaskiya sun bi wannan hanya tun da daɗewa. Wajen shekara ta 781, shugaban Ikilisiyar Gabas a Bagadaza, Timoti na Ɗaya, ya yi kwana 2 yana tattaunawa da Halifa Mahdi a fadarsa. Bai janye ko taku ɗaya ba a kan allahntakar Almasihu, amma ya ambaci Annabin Musulunci da girmamawa, suka rabu da mutunci, ya kuma ci gaba da jagorantar ikilisiyarsa shekaru masu yawa bayan haka. A ƙasarmu kuma, Bishop Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa a 1864, ya yi hulɗar mutunci da Etsu Masaba na Bida, kuma idan malamai suka yi masa tambaya a fadar sarki, yakan buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta musu amsa, bai tsaya kushe abin da suka riƙe ba.

A zamaninmu ma manyan ikilisiyoyi sun yi magana. A 1965 babban taron Katolika na biyu a Batikan ya fitar da takardar da ake kira Nostra Aetate, wadda ta nuna cewa ikilisiya ba ta ƙin duk abin da yake gaskiya da tsarki a cikin sauran addinai, tana kuma duban Musulmi da daraja, alhali ba za ta daina shelar Almasihu ba. A 2011 kuma Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, da ofishin Paparoma mai kula da hulɗar addinai, da Ƙungiyar Masu Bishara ta Duniya suka haɗu a kan ƙa'idoji guda, inda suka yarda cewa ana iya yin suka, amma da girmama juna, ba tare da shaidar zur ba. Waɗannan ɓangarori ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, saboda haka haɗuwarsu a kan wannan abin lura ne.

Mu da muke zaune a arewa kuwa, ɗana, mun biya kuɗin wannan darasi da tsada. A watan Maris na 1987 gardama ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan abin da wani mai wa'azi ya faɗa, kafin a ankara wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka rasa rayuka, aka ƙone wuraren ibada, kuma yawancin waɗanda abin ya ci ba su ma ji abin da aka faɗa ba. Kada ka fahimce ni a baibai: babu maganar da ta halatta a kashe mutum ko a ƙone masa gida, kuma alhakin jini yana kan wanda ya zubar da shi. Amma magana zarar bunu ce, kuma mai hankali yakan tuna da tsohuwar da ke zaune a wata unguwa mai nisa kafin ya saki kalma. Ka dubi Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna. Faston ya rasa hannunsa na dama a wani rikicin da aka yi a 1992, liman ɗin ya rasa malaminsa da ƴan'uwansa, suka haɗu a 1995 kowa da ciwo a zuciya, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Har yau faston Kirista ne, liman ɗin Musulmi ne, babu wanda ya sayar da abin da ya gaskata.

Wannan ba ya nufin ka ga zalunci ka yi shiru. Idan an danne maraya, ko an hana mutum haƙƙinsa saboda addininsa, ko an tilasta wa yarinya, ka yi magana, ko da wane suna aka fake aka aikata. Amma ka kama mai laifin da laifinsa, kada ka shafa wa miliyoyin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Kuma ma'aunin da ka auna wani da shi ka auna majami'arka da shi, domin mai sayar da addu'a da mai cin kuɗin baiko suna cikinmu, kuma su ne suka fi cancantar zafin bakinka.

Ke ma ƴar'uwata, ki ji wannan, domin ke ce kike fara koya wa yara yadda za su ambaci mutane. Abin da kika faɗa a tsakar gida game da maƙwabciyarki Musulma, ko game da kakanninmu Maguzawa da ba su bar al'adarsu ba, ko ma game da ƴan wata ɗarikar Kirista da ba taki ba, shi ne yaronki zai ɗauka ya kai makaranta. Ki koya masa ya san abin da ya gaskata sosai, domin wanda ya san nasa ba ya buƙatar zagin na wani kafin hankalinsa ya kwanta.

Saboda haka, ɗana, duk ranar da bakinka ya yi ƙaiƙayi, ka tsaya ka tambayi kanka ko abin da za ka faɗa gaskiya ne da ka tabbatar, ko za ka iya faɗinsa ido da ido ga mutumin da kuke gaisawa kullum, kuma ko kana so ne ka jawo shi ko ka kunyata shi. Idan burinka ka kunyata shi ne, ka yi shiru ka je ka yi addu'a, domin ba a taɓa jin wanda zagi ya kawo shi wurin Almasihu ba. Idan kuwa ƙauna ce ta motsa ka, ka yi magana a natse, ka saurara fiye da yadda ka faɗa, ka bar sauran ga Allah, wanda shi kaɗai ke juya zuciya. Ubangiji ya tsare harshenka, ya ba ka haƙuri da hikima, ya sa ka gama da duniya lafiya.