Yadda ake raya kifin ado a akwatin gilashi a Kawo

Duk wanda ya taɓa ganin dokin teku a bidiyo, yana tsaye cik a cikin ruwa ya naɗe wutsiya a jikin ciyawa, da wuya bai ji sha'awar ajiye shi a falo ba. Kifi ne, amma namijin ke goyon ciki: macen ta zuba masa ƙwai a wata jaka da ke jikinsa, ya riƙe har su ƙyanƙyashe. Akwai irinsa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, daga Sanagal har Angola. Duk da haka, shawarata ga mazaunin Kawo a Kaduna ita ce kada ya fara da shi. Ruwansa sai an haɗa da gishirin teku na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita, gishirin miya ba ya yi. Yawancin waɗanda ake kiwo sun fi son ruwa mai digiri 22 zuwa 24, mu kuwa a watan Afrilu zafin rana kan haura 35. Ba shi da tumbin ajiye abinci, don haka sau biyu ko uku a yini ake ba shi ƙananan jatan-lande daskararru, waɗanda ke lalacewa da zarar firiza ta saki. Ga shi tun 2004 yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji ta sa sai da takardar izini ake fitar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa. Kifin ruwan daɗi ya fi dacewa da mu, kuma a kansa ake koyon abin da duk wani kiwon kifi ya dogara a kai, wato gyaran ruwa.

Da akwati ake farawa. Mutane kan ɗauka ƙaramin kwano ya fi sauƙi, alhali shi ya fi saurin kashe kifi, domin ruwa kaɗan nan da nan yake yin zafi, nan da nan yake gurɓata. Ka je wurin masu aikin gilashi da alminiyam su yanka maka gilashi mai kaurin milimita 6: tsawo santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Wannan zai ci lita 54. Su goge bakin gilashin don kada ya yanki yara. Ka tsaya a kansu wajen zaɓen gam: silikon zalla ake so, banda irin na banɗaki da aka sa wa maganin fumfuna, wanda guba ne ga kifi. A bar shi ya bushe kwana biyu ko uku, sannan a cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana, a ga ko yana yoyo.

Wurin ajiya ma abin dubawa ne. Ruwan kaɗai kilo 54 ne, ga yashi ga gilashi, don haka teburin roba ba zai ɗauka ba. A sami teburin katako mai ƙwari wanda bai karkace ba, a shimfiɗa farin soson kwalin firiji a ƙasa, a nisanta shi da tagar da rana ke shigowa, in ba haka ba gansakuka za ta rufe gilashin. A yi masa murfi. Wanda gidansa ke kusa da gada ko tashar mota ya san irin ƙurar da ke sauka a kan kaya, balle a hunturu.

Yashin Kogin Kaduna da 'yan tifa ke kai wa magina ya isa, ba sai an sayi mai launi ba. A tankaɗe, a ɗauki mai ɗan tsakuwa, a yi ta wankewa a bokiti har ruwan ya fito garau. Dutsen da za a sa don ado, a ɗiga masa binega. In ya yi kumfa, a ajiye shi gefe, zai canja ruwan. Ranar Talata a shiga kasuwar Kawo a sayi sabon bokiti da siririn tiyo, a keɓe su don kifin kawai. Bokitin da ya taɓa ganin sabulu ko garin wanki ba ya shiga wannan aiki, kuma ya kamata kowa a gidan ya san da haka.

Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, sai a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya yi awa 24, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin da masu kifin ado ke sayarwa. Na burtsatse ba shi da wannan matsala, amma shi ma a bar shi ya sha iska. In 'yan garuwa ke kawo maka, ka tabbata jarkar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ba. Sai a zuba, a jefa matatar soso, a haɗa ta da ɗan injin iska, a kunna.

A nan ne akasarin mutane ke yin asara, domin ranar da suka cika akwati ranar suke sayo kifi. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, guba ce mai ƙarfi ko da kaɗan ce. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin soso da yashi: kashi ɗaya ya juya amoniya zuwa naitirait, wadda ita ma guba ce, kashi na biyu ya juya wannan zuwa naitiret, wadda kifi ke iya jurewa har a canja ruwa. Sabon akwati ba shi da su, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. A tsawon wannan lokaci akwatin babu kifi, injin yana aiki, kullum ana barbaɗa ɗan abincin kifi ya ruɓe a ciki don ƙwayoyin su sami abin ci. A makon farko ruwan kan yi fari kamar an ɗiga madara, daga baya ya washe. Washewar ba ta nufin ya nuna. In kana da kwalaben gwaji, ka jira amoniya da naitirait duk su koma sifili. In babu, ka cika mako shidan. Wanda ya san mai tsohon akwati mai lafiya ya roƙi a matse masa dattin sosonsa a leda, ya juye a nasa, jiran zai ragu sosai. Yara za su dame ka da "Baba, yaushe kifin zai zo?" Ka ba su aikin barbaɗa abincin, su ma su koyi jira.

Gupi na fi so a fara da shi. Asalinsa Tirinidad da Benezuwela ne, ƙarami, mai baza wutsiya kala-kala, yana jure ɗumi, yana kuma cinye tsutsar sauro. Moli da fulati ma suna jure ɗumi, suna cinye tsutsar sauro. Jan kifin Sin da ake kira golfish ya fi jan ido, amma yana kai santimita 20, kashinsa da yawa, lita 54 ta yi masa kaɗan. Ƙananan karfasa ko kurungu da ake kamowa a kogi kuwa girma suke yi su fi ƙarfin akwatin. Fara da gupi shida, mata huɗu maza biyu. Ka zaɓi masu kuzari, ka bar wanda ya maƙale fiffike ko yake da fararen ɗigo a jiki. In daga Legas aka aiko maka su, sun sha hanya, kada ka tsaya ko'ina da su. A gida a ɗora ledar a kan ruwan akwati minti 20 ba tare da an kwance ba, sannan a buɗe a riƙa zuba mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, a kwashe kifin da ɗan raga, a zubar da ruwan ledar a waje.

Abinci sau ɗaya ko biyu a yini, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Ƙoshi ya fi yunwa kashe su. Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ana caccakar yashi don dattin ya fito, a mayar da wanda ya kwana. Kada a taɓa juye ruwan gaba ɗaya a wanke akwatin tas. Soson ma a ruwan da aka zuƙo ake matse shi, domin ruwan famfo zai kashe ƙwayoyin da aka yi mako shida ana renonsu.

Sauran rigimar ta wuta ce da yanayi. Ka sayi injin iska mai batir, ko wanda ke aiki da fawa-bank ɗin waya. In an ɗauke wuta ka ga kifin sun taru a sama suna haki, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama, kuma ka dakatar da abinci. A bazara a ɗaga murfi, fanka ta riƙa bugun saman ruwan, don ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai. A Disamba da Janairu sanyin dare kan sa kifin su kamu da ciwon fararen ɗigo, sai a sa hita mai wat 50, ko a lulluɓe akwatin da bargo. Kafin a fesa maganin sauro a ɗakin, a kashe injin iskar, a rufe akwatin da jiƙaƙƙen tawul har warin ya fita. Na ga akwatin da aka yi wata uku ana tattalinsa ya ƙare a dare ɗaya saboda fiya-fiya.

Macen gupi ba ta ƙwai, 'ya'ya take haifa da ransu kusan kowane mako huɗu, kuma manyan na cinye ƙananan in babu ciyawar da za su ɓuya. Cikin 'yan watanni za su fi ƙarfin akwatin. Ka raba wa maƙwabta masu sha'awa, ko ka mayar wa mai sayarwa. Kada ka zuba su a kwata ko a Rafin Guza, domin baƙon kifi ne, in ya yaɗu a ruwanmu ba mai iya kwashe shi.