Kafin ka tura zane zuwa na'urar bugun 3D ta wani gari

Babban amfanin na'urar bugun 3D shi ne kaya ba sai sun yi tafiya ba. Injiniya na iya zana murfin famfo a Legas, a buga shi a Kano da yamma, ba tare da an ɗora komai a mota ba. Duniya ta ga haka a 2020 lokacin annobar korona, sa'ad da kamfanin Prusa na ƙasar Cek ya saki zanen garkuwar fuska kyauta, masu na'urori a ƙasashe da dama suka riƙa bugawa a inda suke. Fayil ne kawai ke tafiya. To amma a sana'armu ta buga wa mutane zanensu, mafi yawan ɓarnar da nake gani daga fayil ɗin take farawa, tun kafin a kunna na'ura.

Kusan duk aikin da ke iso mini ta WhatsApp yana zuwa ne a fayil irin na STL. Kamfanin 3D Systems na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a 1987, kuma ya yi wa zamaninsa aiki. Abin da ke cikinsa fatar abu ce kaɗai, wadda aka haɗa da ƙananan alwatika masu yawa. Babu bayanin irin robar da za a yi amfani da ita, babu launi, kuma abin da ya fi damuna, babu ma'auni. Fayil ɗin zai ce tsawo 2 ne, amma ba zai ce inci ko milimita ba. Kamar ka aika wa tela da lambar awo ne ba ka faɗa masa da wane tef ka auna ba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, manhajojinmu kuwa yawanci milimita suke ɗauka, don haka abin da mai zane ya yi nufin ya cika tafin hannu sai ya bayyana a allo kamar ƙwayar wake. Wannan ma da sauƙi, ido na kama shi. Mai wahalar shi ne rami. A STL babu cikakkiyar da'ira, gefuna ne miƙaƙƙu da aka jera. Idan mai zane ya fitar da fayil da alwatika kaɗan, ramin zai matse, ƙusa ta ƙi shiga, kuma ni da ke nesa ba ni da hanyar gyara shi da tsabta.

An daɗe da sanin wannan matsala. A 2011 hukumar ASTM ta fitar da tsarin fayil na AMF, wanda daga baya ya zama ISO/ASTM 52915, amma manhajoji ba su rungume shi sosai ba. A 2015 Microsoft, HP, Autodesk da wasu kamfanoni suka haɗu suka kawo 3MF, kuma shi ne ya samu shiga. Yana ɗauke da ma'auni, launi, nau'in kayan bugu, da yadda aka kwantar da abu a kan farantin na'ura, duka a matse cikin fayil guda wanda sau da yawa ya fi STL ƙanƙanta. Manhajojin shirya bugu na Cura da PrusaSlicer duk suna buɗe shi.

Sai dai 3MF ma alwatika ne a asalinsa. Idan abu na injin ne, wanda dole ya shiga cikin wani, fayil ɗin STEP nake roƙo a haɗo mini, wato ISO 10303. Shi yana riƙe da siffar zanen ta ainihi, da'ira tana nan da'ira, kuma sashensa na AP242 na iya ɗaukar har iyakar kuskuren awo da mai zane ya yarda da ita. Da shi zan iya buɗe rami kaɗan don ya dace da halin na'urata ba tare da na lalata sauran aikin ba.

Akwai kuma masu turo G-code da niyyar sauƙaƙa mini. Don Allah a daina. Umarni ne da aka shirya wa na'ura guda, da girman farantinta, da faɗin bakinta, da zafin robar da ke kanta. A sa shi a wata na'ura daban, ana iya asarar roba, ana iya fasa faranti.

Ko da fayil ya cika, a rubuta mini inda abin zai zauna. Robar PLA tana fara laushi a kusan digiri 60, kuma motar da aka rufe a rana a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi tana kaiwa kusa da haka a ciki. Robar PETG ta fi jure zafi. Mai zane a gari mai sanyi ba lallai ya yi wannan tunanin ba.

'Yan uwa masu zane, ku ajiye STEP a matsayin asali, ku turo 3MF don bugu, ku sa lambar gyara a sunan fayil don kada a buga tsohon zane a wani gari, sannan ku rubuta awo ɗaya da mai bugu zai gwada kafin ya kunna na'ura.